Pilsner marar alkol da aka kawo ɗanɗano: laifin mai dafawa ne ko laifin hanya?

Na Wadata: Assalamu alaikum ƴan zaure. Akwai samfurin pilsner, wato wani nau'in giya mai launin zinariya, amma marar alkol, da wani ƙaramin gidan dafawa na ƙasar waje ya turo wa masu butik a nan Yamai, yana neman mai sara. Kwalba kore ce, santilita 33, an rubuta 0,5% a jiki, saura wata biyar ta cika wa'adi. Ga abin da ido da hanci da harshe suka samu. Launi ruwan zinariya mai haske, garau, ba laka a gindi. Kumfa ta tashi kamar yatsa biyu amma ba ta yi minti ɗaya ba ta kwanta. Da buɗe marfi wani wari ya fara bugo hanci, irin na jaɓa, daga baya ya ragu. A baki zaƙi ya yi yawa, kamar kunun tsiro da bai gama nuna ba, ɗacin kuma gajere ne, yana wucewa sai ya bar ɗanɗanon jiƙaƙƙen karton. Masu sani, wanne ne na mai dafawa, wanne ne na hanya? Kafin wani ya zuba kuɗinsa a kwantena guda.

Hajiya ta Labo: Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin a yanke wa kowa hukunci, a wane sanyi aka ɗanɗana ta, kuma a wane kofi?

Na Wadata: Daga firigo kai tsaye Hajiya, kwalbar har da raɓa. Kofin gilas na shan ruwa.

Hajiya ta Labo: To a sake. Abin da ya fito daga firigo yana digiri 2 ko 3 harshe ba ya jin rabinsa, sanyi yana danne ƙamshi yana danne zaƙi. Pilsner ana shanta tsakanin digiri 6 da 8, amma mai neman aibi sai ya bar kofi na biyu ya kai 12, a nan ne duk abin da ke ɓoye yake fitowa. Da zafinmu minti biyar a kan tebur ya isa. Kofin kuma a wanke shi shi kaɗai, ba da soson da ya taɓa miya ba, a ɗauraye da ruwan sanyi, kada a goge da tsumma. Maiƙo kaɗan, ko na leɓe ne, yana kashe kumfa nan take, don haka maganar kumfar nan ban karɓe ta ba tukuna. In ka ga ƴan ƙwayoyin gas sun manne a jikin gilas daga ciki, kofin ne bai wanku ba. A karkata kofi a zuba rabi, a miƙe shi a ƙarasa a tsakiya. A shinshina tun ana zubawa, domin warin sulfur shi ke fara tashi ya gudu. Sannan a rufe bakin kofi da tafin hannu, a ɗan juya, a buɗe a yi gajerun shaƙa biyu ko uku. Kuma ita ba a kuskure baki a tofar, ɗaci sai an haɗiye ake sanin tsawonsa.

Ɗan Adar: Warin jaɓar nan ba sai an je labo ba. Haske ne. Abin da ke ba pilsner ɗacinta fure ne na wata shuka mai yaɗo, hublon, kuma sinadarin ɗacinsa in hasken rana ko na fitilar neyon ya ratsa kwalba yana karyewa ya haɗu da sulfur ya ba da wannan warin. Hanci yana kama shi ko da ɗan mitsitsi ne ƙwarai. Kwalba mai ruwan ƙasa tana tare mafi yawan hasken, kore kaɗan take tarewa, fara kuwa ba ta tare komai. Gwajinsa mai sauƙi: a ɗauko kwalba daga tsakiyar karton da ba a taɓa buɗewa ba, a zuba kofi biyu, ɗaya a inuwa ɗaya a rana minti goma. In na inuwar ba shi da warin na ranar yana da shi, to kayan lafiyarsu lau suka iso, firigon butik mai ƙofar gilas da fitila a ciki ne ya ɓata wadda aka ɗanɗana.

Mai Firigo: Amma fa wanda ya zaɓi koren kwalba don turo kaya ƙasar rana shi ma yana da nasa kason. Gwangwani ya fi masa.

Baban Zainabu: Ku yi haƙuri in katse ku. Wannan 0,5 ɗin da ke jikinta, ashe ba marar alkol ba ce ke nan? Mutane suna saye da sunan ba komai a ciki.

Hajiya ta Labo: Tambayarka a kan hanya take Malam. Kalmar "marar alkol" a kan kwalba doka ce ta ƙasar da aka yi ta, ba ma'auni ɗaya ba ne. A Jamus har 0,5% ana kiranta haka. A Faransa dokar ta ba da dama har 1,2%, kuma kayan can suna zuwa mana, don haka lambar ake dubawa ba sunan ba. A lissafi, kwalbar santilita 33 mai 0,5% tana ɗauke da abin da bai kai mililita 2 ba, mai 1,2% kusan mililita 4. Wadda aka rubuta wa 0,0% ita ce aka sauke ƙasa da 0,05%. Hukuncin sha kuwa na malamai ne, kuma su ma suna duba yadda aka yi ta, ko an bari ta zama giya aka cire, ko tun farko ba a bari ta kai ba. Mai saro wa kasuwar nan dai ya nemi takardar awo daga mai kayan, kada ya tsaya ga abin da ke jikin kwalba.

Baban Zainabu: Na gode Hajiya, na fahimta.

Malamin Tsiro: Wannan bambancin da Hajiya ta ambata shi ne kuma amsar zaƙin da Na Wadata ya ji. Hanya biyu ce. Manyan kamfanoni suna barin yis, wato ƙwayar da ke mayar da sukari alkol, ya gama aikinsa, sannan su cire alkol da na'urar da ke tafasa shi cikin ƙarancin iska a zafin da bai kai na ƙona ɗanɗano ba, ko su tace ta cikin wata fata mai ƙananan ƙofofi. Na'urorin nan tsada gare su, ƙaramin gida ba kasafai yake da su ba. Shi sai ya bi ta biyu: ya yi ruwan tsiro mai rauni, digiri Plato (ma'aunin yawan sukari a ruwan) 6 zuwa 7 maimakon 11 zuwa 12 na pilsner ta asali, ya sa wani irin yis da ba ya iya cin maltoz, wato sukarin da ya fi yawa a ruwan tsiro. Yis ɗin ya lashe ɗan sauran sukarin da yake iya ci, gulukoz da sukuroz, ya tsaya. Maltoz ɗin duk yana nan cikin kwalba, shi ne zaƙin. Warin kunu kuma na wasu sinadarai ne na ɗanyen ruwan tsiro waɗanda yis mai cikakken aiki yake shanyewa, wannan kuwa bai samu lokaci ba. Wannan ba laifin hanya ba ne, daga tukunya ya taso. Gyaransa sananne ne: a ƙara ɗaci ya tare zaƙin, a sauke pH, wato ma'aunin tsami, zuwa wajen 4,2 da ɗan asid na madara don ya yi kaifi a baki, a ƙara gas. Wasu suna barin ruwan tsiron ya kwana ɗaya ko biyu da yis mai yawa a kusa da digiri 0, yis ya tsotse warin ba tare da ya yi alkol mai yawa ba.

Ɗan Adar: Malam na yarda da kai a kan zaƙi, amma gajeren ɗacin ban ɗora wa mai dafawa duka ba. Ɗacin hublon yana raguwa da tsufa, zafi kuma yana gaggauta shi. Wanda ya auna ɗaci daidai a can, in kaya suka yi makonni daga tashar Lome zuwa nan a cikin ƙarfe, abin da zai iso ba shi ya tura ba.

Malamin Tsiro: Yana raguwa, amma ba ya faɗuwa rabi cikin ƴan watanni. A tuna me ake kira pilsner. A 1842 aka fara dafa ta a garin Pilsen na ƙasar Cek ta yanzu, wani Bajamushe daga Bavariya mai suna Josef Groll ya haɗa tsiron sha'ir da aka busar ba tare da ya yi duhu ba, da hublon ɗin ƙasar da ake kira Saaz, da ruwan garin mai laushi marar gishiri, da yis mai kwanciya a gindi mai aiki cikin sanyi. Pilsner Urquell, jikanyar waccan tukunyar, ɗacinta yana wajen 40 a ma'aunin ɗaci na IBU, ga alkol 4,4%. Ta Jamus ta fi bushewa a baki, ɗacinta ya fi tsini. To abin da ke ɗauke da wannan suna ya zo da ɗacin da ke ɓacewa kafin a ajiye kofi, ko da hanya ta ci wani abu, tun asali an yi masa rowa. Masu yin marar alkol suna tsoron ɗaci ne don ba jikin da zai ɗauke shi, sai su faɗa ramin zaƙi.

Mai Firigo: Ni ɗanɗanon karton ɗin ne nawa. Wannan iska ce da ta shiga lokacin ɗurawa, zafi ya dafa ta. Ƙaramin gida mai ɗurawa da ƙaramar na'ura yakan bar iska a wuyan kwalba fiye da babban kamfani. Ƙa'ida ita ce a sa kumfa ta taso har baki sannan a buga marfi a kanta. In ba a yi haka ba iskar tana nan, tana aiki a hankali in akwai sanyi, da gudu in akwai zafi. Abin da aka sani shi ne duk ƙarin digiri 10 yana ninka saurin tsufan sau biyu zuwa uku. Wa'adin da aka buga a kwalba an lissafa shi ne da ɗakin ajiya mai digiri 20. Magazan mai rufin kwano a Yamai cikin Afrilu da Mayu, lokacin da inuwa kanta take haura 42, ku yi lissafin da kanku. Wata biyar ɗin da suka rage a takarda sun riga sun ƙare a baki. Ga ɗauke kuran, firigo ya yi sanyi ya huce ya sake sanyi, wannan kuma shi ke kawo hazo a cikin kwalba daga baya.

Na Wadata: To ta yaya za a raba, a san iskar mai ɗurawa ce ta yi yawa ko ajiyarmu ce?

Hajiya ta Labo: Da kwalabe shida daga karton ɗaya. Uku a firigo, uku a naɗe da baƙar leda don haske kada ya shiga lissafi, a ajiye a magazan kwana bakwai. Ranar gwaji a kawo su duka sanyi ɗaya. Kowane mai ɗanɗano a ba shi kofi uku masu lamba, biyu iri ɗaya, ɗaya daban, wanda ya zuba kada ya zauna a wurin. Aikinsa kawai ya nuna na daban. Mai cinke yana dacewa sau ɗaya cikin uku, shi ya sa in mutum 12 ne sai 8 sun dace ake cewa bambancin gaskiya ne. In kwana bakwai kaɗai sun isa a gane, kayan nan ba za su jure kasuwarmu ba, ko laifin wane ne. A ba su ruwa da busasshen burodi tsakani, kuma ban da wanda ya ci goro ko ya sha shayi mai na'ana'a a awa ɗaya da ta wuce. Goro musamman, yana toshe harshe ga ɗaci.

Ta Filato: Yaya Na Wadata, ba ka ce komai ba a kan warin man shanu ko dafaffiyar masara. Babu ne, ko ba a nema ba?

Na Wadata: An sake yadda Hajiya ta ce. Kumfa ta zauna sama da minti uku a wankakken kofi, wannan laifin kofi ne. Kwalbar tsakiyar karton ba warin jaɓa. Da ta huce kuwa masara ta fito sosai, kamar ruwan da aka dafa ta a ciki. Man shanu kaɗan-kaɗan, da ɗan santsi a harshe.

Ta Filato: Masarar ta tukunya ce, hanya ba ta kawo ta. Tsiron pilsner da yake ba a gasa shi da zafi sosai ba yana riƙe wani sinadari da ke juyewa ya zama wannan warin in ya ji zafi. Maganinsa tafasa mai ƙarfi minti 90, tukunya a buɗe, tururin ya fita da shi. Wanda ya rufe tukunya don tattalin gas, ko ruwan marfi yana ɗiga yana komawa ciki, ya mayar da abin da ya kora. Wuri na biyu da ake faɗawa shi ne bayan an kashe wuta: muddin ruwan yana sama da digiri 80 warin yana ci gaba da haihuwa kuma ba tafasar da za ta kore shi, don haka a sanyaya cikin minti 20 zuwa 30. A marar alkol abin ya fi muni, domin gas ɗin da yis ke fitarwa a cikakken aiki yana wanke wani kaso, a nan kuwa ba shi da yawa.

Ɗan Adar: Man shanun kuwa kada a yi saurin kiransa aibi. A irin ta Cek ana barin ɗan kaɗan da gangan, yana ba ta cika a baki. A ta Jamus ne ba a yarda da shi ko kaɗan.

Ta Filato: Da gangan in mai dafawa ya san yana nan kuma bai ƙaruwa. Matsalar ita ce wari ɗaya ne da hanya biyu. Ko an raba ta da yis da wuri ba a ba ta hutun kwana biyu ko uku a digiri 15 zuwa 18 ba don yis ya sake shanye shi, ko kuma ƙwayoyin cuta masu tsamar da abu sun shiga. In na biyun ne za a ji tsami yana biyo baya, kwalba ta fara hazo, kuma kowane mako sai ya ƙaru. A abin sha mai cike da sukari ba alkol mai kare shi, ni na biyun nake fara zargi har sai an wanke shi.

Hajiya ta Labo: Nan ne maganar ta daina zama ta ɗanɗano. Marar alkol da aka bar wa sukarinta a ciki abinci ce ga duk ƙwayar da ta samu shiga, har da yis na yau da kullum, wanda in ya samu maltoz ɗin nan cikin zafinmu zai cinye shi: 0,5 ta zama 2 ko fiye, gas ya taru, marfi ya kumbura, kwalba ta fashe a hannun yaron butik. Dole ne a ce an gasa ta da ruwan zafi bayan an rufe, don a kashe ƙwayoyin. Ana lissafin gashin da ma'aunin da minti ɗaya a digiri 60 yake zama ɗaya. A digiri 65 kowane minti ya haura biyar. Giya mai alkol 15 zuwa 25 ya ishe ta, irin wannan kuwa ana kai ta 80 zuwa sama da 100, wato kamar minti 20 a digiri 65, kuma zafin cikin kwalba ake aunawa ba na ruwan wankan ba. Ƙanena, ka tambayi mai kayan abu uku a rubuce: nawa ya gasa, pH nawa, alkol nawa awo ya nuna. In ya yi ta kewaye-kewaye a kan na farko, magana ta ƙare.

Baban Zainabu: Tambayar jahili. Tunda duk wahalar a hanya take, me zai hana a yi ta nan da dawarmu?

Malamin Tsiro: Ba ta jahili ba ce. Najeriya ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, kamfanoninta suka koma dawa da masara, har yau dawa tana cikin kayansu. Sai dai dawa tana da halinta. Garinta ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 70, a wannan zafin kuwa sinadaran tsiro masu mayar da gari sukari sun fara mutuwa, kuma dama mai yin maltoz ɗin kaɗan ne a dawa. Dabarar ita ce wadda masu dolo, wato giyar dawa, na Burkina suka daɗe da sani: a jiƙa niƙaƙƙen tsiro a digiri 45 zuwa 50 na rabin awa, a bari ya kwanta, a tsiyaye ruwan sama a ajiye, a dafa kaurin har ya yi kunu, a bari ya huce, a mayar da ruwan a riƙe a 62 zuwa 65 awa ɗaya. Farfara ake so, jar dawa mai bauri tana ɓata launi da baki. Tsiron kansa jiƙo kwana ɗaya ana tsamewa ana shan iska, tsirowa kwana huɗu zuwa biyar, busarwa a wajen digiri 50, sannan a murje saiwa da tohon a sheƙe su tas, domin a cikinsu ne gubar da ke kashe dabbar da ta ci ɗanyen tohon dawa take. Dawa ba ta da ɓawon da zai zama matata kamar sha'ir, sai a zuba wankakken ɓuntun shinkafa, kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari, wannan kuwa ba a rasa shi a bakin kogi. Abin daɗin shi ne ƙarancin maltoz da ke zama matsala ga mai neman alkol, ga mai gudunsa taimako ne.

Mai Firigo: Tsiro ba shi ne cikas ba Malam, sanyi ne. Makonni huɗu zuwa shida a digiri 0 zuwa 2 ake kwantar da pilsner ta asali. Ko an rage don marar alkol ce, ɗakin sanyi da ba ya yankewa dare da rana a garin nan sai da gurup ko farantin hasken rana da batura, kuma kuɗinsu a kan kwalba zai hau.

Ta Filato: Da ruwa. Na pampo yana da kulor, in ya haɗu da tsiro yana ba da warin filastar asibiti da ba ya fita. Matatar gawayi kafin tukunya, ba bayanta ba. Hublon kuma sai an shigo da shi a ledar da aka zuƙe wa iska, a ajiye a daskare. Saaz ɗacinsa kaɗan ne, kashi 3 zuwa 4 cikin ɗari, kuma ba ya jure ajiya, in ya tsufa warin tsohon cuku yake yi.

Na Wadata: An sa shida a gwaji yau, uku a firigo uku a magazan cikin baƙar leda. An kuma tura wa mai kayan tambayoyin Hajiya, an ƙara da ko yana ɗurawa a gwangwani. Ana neman masu ɗanɗano 12 ranar Asabar ta sama da ƙarfe goma na safe, wanda zai zo ya bar goronsa sai an tashi.

Hajiya ta Labo: Ka sa kwalaben magazan a cikin bokiti mai marfi, ko da ɗaya za ta fashe. Kuma kafin a sa su a firigo ranar gwaji ka duba marfin kowace, in ya yi tudu kada a buɗe ta kusa da fuska, kada kuma a ba kowa.